Kuɗin yaƙi da labaran ƙarya: wa zai riƙe makullin asusun?

Duk lokacin da wata gwamnati ta ce ta ware kuɗi don yaƙi da labaran ƙarya a intanet, ba adadin nake fara dubawa ba. Sunan wanda zai sa hannu a fitar da kuɗin nake nema, da kuma wanda ke da ikon tsige shi.

Cutar dai akwai ta. A 2018 masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka suka bi diddigin labarai kusan dubu 126 da aka yaɗa a Twitter daga 2006 zuwa 2017, suka gano cewa kafin gaskiya ta isa ga mutum 1,500 sai ta ɗauki ninki shida na lokacin da ƙarya ke ɗauka. An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, amma a wayar hannu furen kaɗai ya isa ya haɗa jama'a faɗa kafin gari ya waye. Ga shi kuɗin tallan da jaridu suka dogara da shi ya koma aljihun Google da Meta, mai Facebook. Amurka kaɗai ta rasa fiye da kashi ɗaya cikin uku na jaridunta daga 2005 zuwa yau.

Maganin da ya fi burge masu mulki shi ne su naɗa kansu alƙalan gaskiya. Malesiya ta yi dokar hana labaran ƙarya a 2018, ana gab da zaɓe, a daidai lokacin da zargin wawure dukiyar ƙasa ya dabaibaye Firaminista Najib Razak. Da ya faɗi zaɓen, aka soke dokar a 2019. A shekarar ce Singafo ta bai wa ministoci ikon cewa wannan magana ƙarya ce, a gyara ta, kuma wanda aka fara ɗaga wa sandar ɗan jam'iyyar adawa ne. Indiya ta so kafa sashen gwamnati da zai riƙa tantance labaran da suka shafi gwamnati, sai da Babbar Kotun Bombay ta yi watsi da tsarin a 2024. Wannan bai wa kura ajiyar nama ne. Gwamnati ita ce wadda aka fi ba da labarinta, ta yaya za ta zama mai ƙara kuma ita ce alƙali?

Ni a ganina, inda kuɗin jama'a zai yi amfani shi ne wurin da ba ya ɗaukar ido: albashin ɗan jaridan da zai je ya zauna a bencin kotu tun safe, ya jira a ɗage shari'a uku kafin a kira wadda ya zo dominta, ya rubuta abin da alƙali ya faɗa daidai. In babu shi a ɗakin, da yamma wani da bai taɓa taka harabar kotun ba zai naɗi murya ya tura a WhatsApp, ya ce an saki mai laifi saboda an sayi alƙali. Babu wanda zai ce masa ƙarya kake, don babu wanda ya je. Ji-ta-ji-ta a gurbin da aka bari take tsirowa.

Birtaniya ta gwada wannan tun 2017. BBC na biyan albashin 'yan jarida sama da 150 daga kuɗin lasisin talabijin da masu kallo ke biya, amma suna aiki ne a ƙananan jaridu, suna halartar zaman majalisun ƙananan hukumomi. Norway kuwa tun 1969 take tallafa wa jaridu bisa ƙa'idar da kowa ya sani, jaridar da ke caccakar gwamnati da mai yabonta duk ma'auni ɗaya ake yi musu.

Sai dai in baki ya ci, ido kan ji kunya. Edita ba ya buƙatar a buga masa waya a yi masa barazana. Ya isa ya san cewa wata mai zuwa za a sabunta tallafi, sai labarin da ya dace da shafin farko ya tsinci kansa a shafi na goma sha huɗu. A Ostiriya, shugaban gwamnati Sebastian Kurz ya sauka daga mulki a watan Oktoban 2021 bisa zargin an yi amfani da kuɗin gwamnati wajen sayen yabo a wata jarida, zargin da ya musanta. A Hungary tallan gwamnati ne ya raya 'yan amshin shata, ya bar sauran da yunwa. Kai, ko inda aka yi abin da tsabta ba a tsira ba. New Zealand ta ware dalar ƙasar miliyan 55 daga 2021 zuwa 2023, wata hukuma daban ce ta raba, amma duk da haka ɗan siyasa Winston Peters ya kira shi cin hanci, kuma mutane da dama suka gaskata. Wannan ya fi komai damuna, domin jaridar da mai karatu ya daina yarda da ita ba ta iya ƙaryata kowa.

Shi ya sa sharuɗɗan suka fi kuɗin muhimmanci. A kafa asusun da doka, na shekaru masu yawa, yadda minista ba zai iya toshe shi don an ɓata masa rai ba. A wallafa sunan duk wanda ya karɓa da abin da ya karɓa. Kada a gindaya wa kowa abin da zai rubuta.

Hukumar sa ido ma tana buƙatar kuɗi, amma aikinta kan manyan kamfanonin intanet ne, ba farautar mai waya ba. Dokar Tarayyar Turai ta 2022 ta tilasta wa manyan shafuka su bayyana yadda na'urarsu ke zaɓar abin da take turo wa mutane, tarar kuma na iya kai wa kashi 6 cikin 100 na cinikinsu a duniya. Binciken irin wannan sai da injiniyoyi da lauyoyi masu tsada. Ireland, inda da yawan kamfanonin ke da hedikwatarsu ta Turai, ta kafa hukumarta a 2023, ta kuma ɗora nauyin gudanar da ita a kan harajin da kamfanonin da take sa wa ido ke biya.