Shekara bakwai kana share asusu, yau ka zo kana ɗaga murya

Ranar Alhamis da ta wuce na shiga wani banki a Plateau, nan Yamai, na tarar da abin da har yanzu yake ci mini rai. Wani saurayi ne, ɗan maƙwabcinmu na Tawa, sanye da shadda mai ƙyalli, waya biyu a hannu, ya tsaya gaban matar da ke kula da dosiyen bashi, wato takardun neman rance, yana ɗaga murya sai ka ce a tashar Wadata. “Madam, shekara bakwai albashina na shigowa nan! Yau na nemi miliyan biyu ki ce mini a'a?” Matar nan ta haifi kamarsa. Ba ta biye masa ba, ta juyo masa fuskar kwamfuta ta ce, “Malam, duba da kanka.” Ya duba, ya ƙara dubawa, sai murya ta koma ciki.

Ban leƙa allon ba, ba na kuma bukata. Na daɗe ina lissafin albashi a wani kamfani, ta hannuna takardun da ma'aikata ke kai banki suke bi, na san abin da ya gani. Albashi ya shiga da safe, kafin la'asar an kwashe shi tas. Wata na biye haka. Shekara bakwai haka.

Ƙannena, wannan ɗabi'a ta share asusu ranar da kuɗi suka sauka ita ce nake so mu yi magana a kanta. Saƙo na shigowa waya, sai ka ga mutum ya bar aiki ya hau babur, ya je ya bi layin gishe, wato wurin zarar kuɗi, ya zare komai har da ƴan canjin da suka rage, kamar an ce masa bankin zai kama wuta da dare. Kwana goma bai cika ba ya dawo yana roƙon dekuber, wato a bar shi ya ci kuɗin watan da bai ma yi aikinsa ba. Albashi na gaba yana shigowa ramin ya haɗiye rabi. Sannan ranar da babbar bukata ta taso ya sa manyan kaya ya zo yana cewa shi tsohon abokin hulɗa ne. Ai ba a fafe gora ranar tafiya.

Kun ɗauka daɗewa da banki gata ce. Tana iya zama gata, tana iya zama tonon asiri. Baƙon da ya zo jiya, banki bai san halinsa ba, sai ya tambaye shi takardu. Kai da ka shekara bakwai, ba a bukatar a tambayi halinka, don duk abin da ka yi a rubuce yake: ranar da kuɗi ke shiga, ranar da suke ƙarewa, sau nawa asusun ya faɗa ƙasa da sifiri, sau nawa aka zo cire kason wani tsohon bashi aka tarar babu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ga yadda abin yake tafiya, tunda an fi son jin sa a fada wajen shayi daga bakin wanda bai taɓa cika dosiye ba. Za a karɓi takardun albashinka na watannin baya, da shaidar wurin aiki, da takardar da mai biyanka ya sa wa hannu cewa albashin zai ci gaba da bi ta wannan banki har bashi ya ƙare. Za a duba ko aikinka tabbatacce ne ko ɗan kwantaragi ne kai, da shekarun da suka rage maka kafin ritaya, don ba za a ba ka bashin shekara biyar ba alhali saura biyu ka ajiye aiki. Daga nan sai lissafi. Yawanci ba a so abin da za a riƙa cirewa duk wata ya wuce wajen kashi ɗaya cikin uku na albashi. Mai karɓar jika 150 (jika ɗaya sefa dubu ce), abin da za a iya taɓawa jika 50 ne ko kusa da haka. In ana cire jika 30 na bashin babur, ana cire 15 na ragon layyar bara, to saura jika 5. A kan jika 5 ɗin nan ne kake neman miliyan biyu? Daidai ruwa daidai tsaki, malam.

Ragon layya kuwa, bari in ɗan ratse. Kowace shekara sai ka ga ƙaramin ma'aikaci a kasuwar Turaku yana taya ragon da ko shugabansa na aiki bai taya ba, don kawai a tsire shi a ƙofar gida ƴan unguwa su gani. Naman ya ƙare cikin sati biyu, bashin ya bi shi wata goma. Kafin ya sauke, an koma lekol a watan Oktoba, ga kuɗin makarantar yara, sai wani bashin. Ban ma taɓo maganar baliz ta aure da anko kala uku ba, da masu zuba albashi a cacar ƙwallo ta waya suna jiran wata ƙungiyar Ingila ta fitar da su daga talauci.

Wani ya ce to ai sai ya canza banki, ya je inda ba a san shi ba. Wannan dabarar ta mutu tuni. Ƙasashe takwas ne, har da Nijar, ke ƙarƙashin babban banki na BCEAO mai hedkwata a Dakar, kuma tun 2016 aka fara aiki da ofishin tattara bayanan bashi, wanda kamfanin Creditinfo ke riƙe da shi. Bankuna da ƙananan asusun ba da rance suna aika masa sunan wanda ya ci da yadda ya biya. Takardar nan da ka sa wa hannu ba ka karanta ba, a ciki ka yarda a duba ka. Bashin da ka gudu ka bari a wani asusu a Tawa zai riga ka isa teburin Madam a Yamai. Wanda ya ba da cak babu kuɗi a asusu shi ma akwai kundinsa daban a babban banki. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Ba wai ina wanke bankuna ba ne. Kuɗin dosiye, inshora, kuɗin riƙon asusu, duk a wuyanka suke, shi ya sa ma aka yi musu linzami: a 2014 an tsayar da cewa kuɗin ruwa da duk tarkacensa kada su wuce kashi 15 cikin 100 a shekara a banki, 24 a ƙananan asusu. Na kuma san abin da muka gani bayan takunkumin da aka sa wa ƙasar nan a ƙarshen Yulin 2023, lokacin da mutum zai yini a layi a ba shi ɗan abin da aka ga dama daga cikin kuɗinsa. Wanda ya sha wannan ya ji tsoron barin kuɗi a banki, ban ga laifinsa ba. Amma an ɗage takunkumi tun Fabrairun 2024, ku kuwa kuna share asusu tun kafin a sa shi. Kuma da a ce kun kwaso ne kun sayi buhun hatsi ko kun zuba adashi, da na yi shiru. A wajen mai waya da mai shadda suke ƙarewa. Maganar halacci da haramcin kuɗin ruwa na bar wa malamai, akwai ma bankin Musulunci a garin nan mai saye ya sayar maka da riba sananniya. Can ɗin ma sai sun duba yadda kake riƙe kuɗi.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne mun san daga inda muka fito. Iyayenmu ƴan Adar sun tafi ci-rani Abijan da Kano da jarin da wani ya ba su ba takarda ba sa hannu, sai “Allah ya kai mu kaka”. Kaka na yi, kafin mutum ya ɗinka wa matarsa zane sai ya fara sallama a ƙofar mai kuɗi. Mahaifina in ana bin sa dala ashirin ba ya cin nama a kasuwa, wai kada mai bin sa ya gan shi. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba wanda ya ce cin sa abin kunya ne. Kunyar a wajen wasa da shi take. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan bashi ta sauka, kuma Manzon Allah (SAW) ya ce jinkirin mai hali wajen biya zalunci ne. Yau mai bin ka ne ke jin nauyin kiran ka, kai kana ɗora hoton sabuwar shadda a Facebook. Har ka iya tsayawa ka yi wa sa'ar uwarka tsawa a gaban jama'a a kan kuɗin da ba naka ba.

Ku dai gyara. Ku bar wani abu ya riƙa kwana a asusu ko yaya yake, ku sauke ƙananan basussuka kafin ku ɗago babba, ku rage dogon buri.

Da na fito daga bankin ranar nan na tarar da saurayin nan zaune kan babur a inuwar bedi, yana latsa waya. Ya taso ya gaishe ni har ƙasa, abin da bai yi wa Madam ba. “Tonton, don Allah ba ka san wani babba a ciki ba, ya sa mini baki?” Na ce masa babban da ke ciki shi ma allon nan zai duba. Ya yi shiru, ya sosa ƙeya, sannan ya ce ko zan ranta masa jika biyu ya sha mai, ƙarshen wata zai kawo mini har gida. Na ba shi. Ranar kuwa 9 ga wata ce.