Gawon da ke gonar Baba

Ina Ingila Baba ya rasu. Da asuba aka kira ni, kafin azahar an kai shi makwancinsa a ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim. Ko makararsa ban gani ba.

Bayan wata biyu na je jana'izar mahaifiyar wani Bature abokin aikina. Sai da aka yi kusan mako uku kafin a binne ta. A wurin, jikarta ta miƙe ta karanta waƙa kan ganyen da ke zuba kafin hunturu, ya sake tohowa. Mutane na share hawaye suna murmushi. Raina ya sosu, na ce mu ba mu da irin wannan. A gida sai "Ya haƙuri?", a yi addu'a, a shafa, bayan sadakar bakwai a naɗe tabarmi kowa ya kama gabansa.

Ban yi mana adalci ba. Addu'a ita ce gaba, ita ke isa ga mamaci, babu baitin da zai maye gurbinta. Amma mai rai ma yana buƙatar abin riƙewa, kuma Alƙur'ani da kansa, a Suratur Rum, ya ce mu dubi yadda Allah ke raya ƙasa bayan mutuwarta. Wa ya kai manomin Jigawa sanin wannan? Shi ke ganin fako ya tsage da bazara, shamuwa ta sauka, ruwan shuka ya biyo baya. Na tashi ina jin kakata tana ambaton shamuwa da marka a waƙar niƙa idan ta tuna 'ya'yan da ta binne. Muka raina abin, wai waƙar mata ce, har injin niƙa ya zo ya rufe bakinta.

Akwai gawo a tsakiyar gonar Baba. Da damina, sa'ad da kowace bishiya ta yi shar, shi kakkaɓe ganyensa yake yi, ya tsaya tsirara kamar ya bushe. Sai da rani, ko'ina ya yi fari, ya yi kore, awaki su taru suna tsintar 'ya'yansa. Geron gindinsa ya fi na ko'ina zangarniya.

A cikin bas na rubuta masa baiti shida, na rera, na tura wa Inna ta wayar ƙanena. Ya ce sau biyu ta saurara, ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ce, "Ka gaya wa ɗan nan, a gindinsa Malam ke shan fura in rana ta take."