Ban jira na warke ba kafin in koma aji

Masu cewa "ki bari hankalinki ya kwanta tukuna sannan ki koma makaranta", na san da kyakkyawar niyya suke faɗa, amma ni dai ban yarda da shawarar nan ba. Na bi ta har wata goma sha huɗu, hankalin bai kwanta ba.

Shekara biyu na yi ina jinyar mahaifiyata. Saboda ita na ajiye karatu ina aji biyu a jami'a, kuma ko yau aka maimaita, hakan zan sake yi. Sai da Allah ya karɓi abarsa na gane ashe jinyar ce ke riƙe da ranakuna. Ƙarfe shida magani, ƙarfe goma a juya ta, Talata ganin likita. Tana tafiya duk wannan ya bi ta. Sai in farka ban san ko Litinin ce ko Alhamis ba, kuma babu wanda zai cutu don ban sani ba. Masu zuwa gaisuwa suna ganin kukan, amma ba sa ganin wannan: mutum ya wayi gari babu mai jiran komai daga gare shi.

Ranar da na koma, can baya na zauna. Na girmi yawancin 'yan ajin, hannuna kuma ya manta biro, kafin in cika shafi ɗaya yatsuna sun sage. Ko rabin bayanin malam ban kama ba. Da zai fita sai ya ce kowa ya kawo aikinsa ranar Alhamis. Wallahi 'yar maganar nan ta yi min abin da lallashin wata da watanni bai yi ba, domin daga ranar Alhamis ta sake zama rana mai suna. Yarinyar da ke gefena ta taɓa ni ta ce, "Anti, ara min littafinki mana, gobe in dawo miki da shi." Ba ta san labarina ba, babu ɗigon tausayi a idonta, littafi kawai take so. Rabon da a dube ni haka har na manta.

Ana yawan kawo labarin Malala Yousafzai, mai fafutukar ilimin 'ya'ya mata, ni kuma lissafin watannin ne ke tsaya min a rai. An harbe ta a kai a Oktoban 2012 a kwarin Swat na Pakistan. A Fabrairun 2013 aka yi mata tiyata aka sa mata farantin ƙarfe a ƙoƙon kai, a Maris ta shiga aji a Birmingham ta Ingila. Wa zai ce ta warke a lokacin? Digirinta na jami'ar Oxford sai 2020 ya zo. Mai ganin ya makara kuma, ga Kimani Maruge na Kenya, wanda ya shiga firamare a 2004 yana da shekara 84, bayan gwamnati ta soke kuɗin makaranta a 2003.

Kada dai a ɗauka ina cewa makaranta asibiti ce. Wanda barci ya ƙaurace masa, ya kasa cin abinci, ko yake jin gara ya bar duniyar, likita zai fara gani, ba jami'in rajista ba. Ni ma gwajin farko faɗuwa na yi warwas, na shige banɗaki na yi kukan da ba na makin ba ne. Har yanzu idan sakamako ya fito da kyau, sai na ɗauki waya kafin in tuna babu wadda zan kira.

Amma ina ajiye wayar in buɗe littafi, don akwai wani aikin da zan miƙa Alhamis mai zuwa, kuma ko layi ɗaya ban rubuta ba.