Tarin da muke ɓoyewa a unguwarmu

Jiya bayan La'asar muka raka maƙwabcinmu makwancinsa, Allah Ya jiƙansa. Tela ne, shagonsa na bakin layinmu a nan bayan garin Kano. Wata da watanni yana tari, yana zufar dare, yana ramewa har agogonsa ya riƙa yawo a hannu. Wasu suka ce sanyi ne, wasu suka ce sammu. Maganin tari na kyamis kuwa ya sha ba adadi. Sai da ya fara tofar da kaki da jini aka kai shi asibiti, aka ce tarin fuka ne. Ya fara magani, bayan wata biyu ya ji ƙarfi, ya ajiye, don ba ya son a riƙa ganinsa a layin masu karɓa. Da ciwon ya dawo, bai dawo da wasa ba.

Abin da ke ci mini rai, cutar nan tana warkewa, kuma gwaji da magani kyauta ne a asibitocin gwamnati. Wata shida ake sha ba fashi, duk wanda ya katse yana iya koya wa ƙwayar cutar jure magani. Tun 1882 wani likita mai suna Robert Koch ya gano ƙwayar cutar a Jamus, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 cutar ta kashe kimanin mutum miliyan 1.25, kuma Najeriya ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu ita.

Na shiga ɗakinsa gaisuwa. Taga ɗaya ce, an toshe ta da kwali saboda sauro. Nan yake kwana da matarsa da yara huɗu, cutar kuwa ta iska take bi. Har ya rasu ba wanda ya zo ya ce a kawo iyalinsa a gwada su. Wallahi wannan ya fi komai ƙona mini zuciya. In ma'aikata na iya bin gida-gida don rigakafin shan inna, me ya hana a bi gidan da aka tabbatar akwai tarin fuka?

Mu ma da laifinmu. Mun ware masa kofi, mun rage zama a shagonsa, amma ba wanda ya tambaye shi ko ya sha maganinsa yau. Ina roƙon mai unguwa da limamanmu su faɗa a masallaci cewa tarin da ya kai mako biyu a je a gwada kaki, ko a kira 3340, kyauta ne.

Gobe da safe, in Allah Ya kai mu, ni da kaina zan kai yaran nan da mahaifiyarsu asibiti. Ƙaramar ta fara tari.