Hular da Inna ta ɗinka

Wata Asabar da ruwa ya ƙi ɗaukewa, na kai 'yata wani gidan adana kayan tarihi a nan Landan. A wani ɗaki muka tarar da babbar riga a cikin gilashi, an baza hannuwanta, an haska ta da fitila. Aska takwas ce, aikin hannu, zaren ya koɗe amma babu ɗinkin da ya saki. Wata Baturiya ta daɗe a tsaye tana kallonta, ko motsi ba ta yi. Ni kuwa kakana na tuna. Irin wannan rigar ya sa har ta tsufa a jikinsa, aka ba wani almajiri, daga nan babu wanda ya sake tambayar inda ta shiga.

Mutanen nan sun iya ajiya, wannan kam ba za a ƙwace musu ba. Mu ne masu abin, amma sabo ya sa ba ma ganinsa. A 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth ya shiga Kano ya ga yadda tufafin da ake saƙawa a rina a ƙasar ke kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 ake rini a cikinta, zuwana na ƙarshe ramuka da yawa a bushe na gan su, dattawa ƙalilan ne ke tsoma yadi a baba, hannuwansu sun rine har gwiwar hannu. Abin ya tsaya mini a rai.

Sai dai rigar gilashin nan ba ta da ƙanshin turare, ba ta zuwa Idi, ba ta zuwa ɗaurin aure. Kuma a wurinmu, ɗinki ba ado ne kawai ba.

Inna ba ta taɓa kiran sunan mahaifinmu ba, Malam take ce masa. Ni ma da nake ɗan fari, sunana bai taɓa fita daga bakinta ba. Kalmar so kuwa, ban taɓa jin ta a gidanmu ba sai a rediyo. Amma bayan sallar isha'i za ta zauna a tabarma kusa da fitilar ƙwai, ta lashi bakin zare ta zura a allura, ta duƙufa kan hular Malam. Wata uku tana kan guda ɗaya. Idan ɗinki ya karkace ko da kaɗan ne, sai ta warware ta sake. Ranar da ta gama, ba ta miƙa masa hannu da hannu, a kan buzunsa za ta ajiye ta wuce madafi.

A nan kuwa maƙwabcina ba ya ajiye waya sai ya gaya wa matarsa yana sonta, ko da burodi ta aike shi. Ranar 14 ga Fabrairu furanni ƙarewa suke a kantuna. Da farko ina ganin abin baki ne kawai, wanda aka cika faɗa ai ya rasa nauyi. Yanzu na sauya ra'ayi, kuma Inna ce ta sa. Bayan rasuwar Malam, muna zaune ana karɓar gaisuwa, ta ɗauko ɗaya daga cikin hulunan ta ce, "Wannan ce ya taɓa cewa ta yi kyau." Shekara arba'in da aure, magana ɗaya ta riƙe. Kunya abu ne mai daraja, ina alfahari da ita, amma wallahi da yawa daga cikinmu maza mun fake da ita mun hana matanmu kalmar da ba ta cin ko kwabo. Da na dawo Landan, a daren na yi wa matata godiya kan abin da na shekara goma ina gani ina shiru. Kuka ta yi.

Hular tana wurina. Da muka fito daga gidan tarihin, 'yata ta ce, "Abba, mu ma mu sa ta Kaka a gilashi, kar ta lalace." Na yi ta juya maganar har gida, don gefenta ya fara zarewa. Da na kira Inna na gaya mata, sai ta ce, "Kai, ba don a kalla na ɗinka ba. Ka sa abinka." Ranar Juma'a da ita na je masallacin Whitechapel.