Matasa, Mu Daina Yi wa Kamu Tafi

'Yan'uwa matasa, wata ɗabi'a ta kama mu a kafafen sada zumunta, kuma haɗarinta ya wuce yadda muke zato. Da zarar an ce an kama wani ɗan jarida, ko ɗan adawa, ko malamin da ba na ɓangarenmu ba, sai Facebook ya cika da "Allah ya ƙara" da "maganinsa ke nan". Ba mai tambayar wace doka ya karya, wa ya ba da umarnin kamun, ko an kai shi gaban alƙali. Abin da ake dubawa kawai shi ne namu ne ko nasu.

Ikon gwamnati ba ya bin shugaba gida in ya sauka. A ofis yake kwana, wanda ya gaji kujerar ya tarar da shi. A 1984 gwamnatin soja ta Janar Buhari ta kafa doka mai lamba 2, wadda ta ba da damar tsare mutum ba tare da shari'a ba, da mai lamba 4 wadda da ita aka ɗaure 'yan jarida biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor. Jama'a da yawa sun yi murna, don sun gaji da 'yan siyasar jamhuriya ta biyu. Da Janar Babangida ya karɓi mulki a watan Agustan 1985, ya soke ta 4 amma ya riƙe ta 2, shi kansa Buhari ya shafe fiye da shekara 3 a tsare a birnin Benin ba a kai shi kotu ba. Dokar ta rayu har zamanin Abacha, sai a 1999 aka soke ta. Shekara 15 ke nan tana cin mutanen da ba su ne aka yi ta dominsu ba.

Kada kuma mu ce wannan halin soja ne, ya wuce da zuwan farar hula. A 2003 'yan sanda suka tarwatsa gangamin jam'iyyar ANPP a Kano da barkonon tsohuwa, a kan wai ba a ba da izini ba. Jam'iyyar ta kai ƙara, a 2007 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar cewa tilasta wa 'yan ƙasa neman izinin 'yan sanda kafin taro ya saɓa wa tsarin mulki. Waɗanda suka sha hayaƙi a wancan lokaci sun hau mulki daga baya, kuma a zamaninsu ne babbar kotun tarayya ta ba da umarnin sakin Ibrahim Zakzaky a Disambar 2016 aka ƙi bi, sai a 2021 wata kotu a Kaduna ta sallame shi. Sambo Dasuki ma, tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kotuna sun ba da belinsa sau da dama, bai fito ba sai ƙarshen 2019. Ba sai kana ƙaunar ɗayansu ba. Kana iya ƙin aƙidar wannan, ka zargi wancan da cin amana, amma ranar da ka yarda gwamnati ta zaɓi hukuncin kotun da za ta bi, ka yarda ta yi watsi da wanda za a yanke a kanka. A Nuwambar 2024 mun ga yaranmu na Arewa, waɗanda aka kama a zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta, suna faɗuwa don galabaita a gaban kotu a Abuja, ana tuhumarsu da cin amanar ƙasa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, an ce ka shafa wa naka ruwa, mu kuwa fifita muka riƙa yi.

Kuskuren da ke ƙarƙashin wannan duka shi ne ɗaukar dimokuraɗiyya a matsayin zaɓe kawai. Ƙuri'a tana nuna wanda zai riƙe mulki, ba ta ba shi izinin yin abin da ya ga dama. Shi ya sa aka ware babi na 4 na kundin tsarin mulkin 1999, daga sashe na 33 zuwa 46, aka jera haƙƙoƙin da rinjaye ba ya shafe su: rai, mutunci, walwala, sirri, addini, faɗin ra'ayi, taro. Gwamnan da ya ci zaɓe da miliyoyin ƙuri'u ba shi da ikon sa a kulle mutum ɗaya saboda ya zage shi. Ƙofar da ake bi a shigo ita ce sashe na 45, wanda ya yarda a taƙaita wasu haƙƙoƙi don tsaro, zaman lafiya, tarbiyya ko lafiyar jama'a. Saboda haka duk lokacin da kuka ji an ce "don tsaro ne", ku tambayi abu uku: wace doka ce ta ba da dama, zuwa yaushe, kuma wa zai duba in an wuce gona da iri. Lokacin da aka rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, kotun ECOWAS ta ce matakin ya saɓa wa doka. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka sha kama masu rubutu da shi, kotun ta ce ya tauye 'yancin magana, aka yi masa gyara a 2024. Har yanzu yana ɗauke da ɗaurin da ya kai shekara 3 ko tarar naira miliyan 7, don haka wanda ke yaɗa labarin da ya san ƙarya ne ya shiga taitayinsa.

Inda talaka ya fi haɗuwa da ikon gwamnati dai ba majalisa ba ce, caji ofis ne. A nan ya kamata kowa ya haddace sashe na 35. Wanda aka kama yana da damar yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani da ya zaɓa. Dole a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, a harshen da yake ji. Dole a gurfanar da shi cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kwana biyu, ko abin da kotu ta ga ya dace. Wannan wa'adin bai shafi wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne ba. In an tsare mutum ba bisa doka ba, sashen ya ce yana da haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a.

Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 da dokar 'yan sanda ta 2020 sun hana abu biyu da muka saba gani har muka ɗauka daidai ne. Ba a kama uba ko mata ko ƙane a madadin wanda ake nema. Ba a kuma kama mutum saboda bashi ko saɓa alkawarin ciniki, wannan aikin kotu ne. A nan sai mun faɗa wa kanmu gaskiya: mu ne ke kai masu bashinmu wajen DPO, mu biya kuɗin mai don a kulle su kwana biyu su ji a jikinsu. Duk wanda ya yi haka ya koya wa ɗan sanda cewa sel kayan haya ne, kuma wanda ya fi shi kuɗi zai iya hayarsa a kansa. Beli a ofishin 'yan sanda kyauta ne. Mace ma tana iya tsaya wa mutum, dokar 2015 ɗin ta faɗa ƙarara.

In abin ya faru, kada ka yi kokawa ko zagi, domin wannan kaɗai kan zama sabuwar tuhuma ko da ta farkon ba ta da tushe. Ka nemi sanin ofishin da za a kai ka, ka tabbata wani na gida ya sani. Shi kuma na gidan ya rubuta rana da lokacin kamun, sunan ofishin, da sunan jami'in da ke binciken, don da waɗannan lauya zai ƙirga awa 24 ɗin. Wurin da aka fi faɗawa rami shi ne rubuta bayani. Mutum ya gaji, yana jin yunwa, an ce masa ya sa hannu ya tafi gida, sai ya rattaba a kan takardar Turanci da bai karanta ba, daga baya ta zama iƙirarin laifi. Kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa sai an karanta maka, an fassara, mai fassarar ya rubuta sunansa. In an yi duka, a je asibitin gwamnati da zarar an fito a karɓi takardar likita, a ɗauki hoton raunin. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 25, amma ba ta aiki sai da hujja, tabo kuwa warkewa yake.

Rami na biyu shi ne ajiya a gidan yari. Sai a kai mutum gaban majistare da tuhumar da kotun ba ta da hurumin saurara, a ce a ajiye shi ana jiran shawarar ma'aikatar shari'a, fayil ya kwanta. Mafi yawan mutanen da ke gidajen yarin Najeriya masu jiran shari'a ne, ba waɗanda aka yanke wa hukunci ba. A dokar tarayya umarnin ajiya na farko ba ya wuce kwana 14, kuma ba a sabunta shi sai an nuna wa kotu dalili. Jihohi kamar Kaduna da Kano suna da tasu dokar, a duba wa'adin da ta sa. 'Yan'uwa su riƙe lambar shari'ar da ranar komawa, su halarci kowane zama, domin fayil ɗin da ba mai bibiya shi ne ke ɓata.

In wa'adi ya wuce ba a saki mutum ba, ba a kuma gurfanar da shi ba, sashe na 46 ya buɗe ƙofar babbar kotu. Ƙa'idojin tabbatar da haƙƙin ɗan Adam na 2009 sun sauƙaƙa hanyar: lauya zai shigar da buƙata tare da takardar rantsuwa, kuma ɗan'uwa ko wanda ya san abin da ya faru yana iya rantsuwar a madadin wanda ke tsare. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi ofishin hukumar ba da tallafin shari'a ta ƙasa, ko hukumar kare haƙƙin ɗan Adam, ko reshen ƙungiyar lauyoyi na garinsu. A kai ƙorafin a rubuce, kwafi biyu, a sa a buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan wanda za a koma da shi gida.