Ga Ƙannena Ma'aikata A Kumasi: Maganar Shiga Ƙungiyar Ƙwadago

Assalamu alaikum ƙannena matasan Aboabo, Asawase, Sawaba da sauran zangonninmu, musamman masu aikin albashi a masana'antun Kaase da Ahinsan, da gidajen mai, da kamfanonin gadi. Abin da yake damuna shi ne, da zarar an ambaci ƙungiyar ƙwadago sai in ga mun rabu biyu: wasu jikinsu na rawa don kada maigida ya ji labari, wasu kuma sun sa hannu tun ba su tambayi sunan ƙungiyar ba. Dukansu biyu ba su yi wa kansu adalci ba.

Ku fara cire tsoro daga zukatanku. Tsarin mulkin Gana na 1992, a sashe na 24, ya ba kowane ma'aikaci 'yancin kafa ƙungiya ko shiga wadda yake so, kuma Dokar Ƙwadago ta 2003, mai lamba 651, ta maimaita hakan a sashe na 79. Ko ma'aikata biyu ne kacal a wurin aiki ɗaya, doka ta yarda su kafa tasu. Wanda aka sallama saboda ya shiga ƙungiya an zalunce shi a idon doka, kuma yana iya kai ƙara gaban Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa, wadda take da ikon umartar a mayar da shi bakin aikinsa ko a biya shi diyya. Dokar ba ta shafi sojoji, 'yan sanda, ma'aikatan gidan yari da jami'an tsaron sirri ba, sannan akwai iyaka ga manajoji da masu riƙe da asirin kamfani. Mai gadin kamfani mai zaman kansa kuwa yana ciki kamar kowa.

Na san abin da da yawanku za su ce: "Ni kwana biyu zan yi in tara jari, mene ne nawa a ciki?" Da wannan magana mutum yake shekara biyar ana kiransa ɗan wucin gadi, alhali doka ta ce wanda ya yi wata 6 a jere wurin maigida ɗaya a ɗauke shi a matsayin ma'aikacin dindindin. Ka ɗauko takardar albashinka ka duba da kyau. Za ka ga an cire kashi 5.5 cikin ɗari da sunan SSNIT, hukumar fanshon ma'aikata, kuma wajibi ne maigida ya ƙara kashi 13 daga aljihunsa; ka taɓa zuwa ofishinsu ka tabbatar kuɗin suna shiga? Ana ba ka hutun shekara na kwanakin aiki 15? Ƙanwarmu da ta haihu ta sami makonni 12 nata da albashi? Idan kai kaɗai ka tsaya gaban manaja da waɗannan tambayoyi, sai a ce ka cika baki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma wannan ne dalilin da ya sa ma'aikata suka kafa babbar ƙungiyarsu ta TUC a Sekondi tun 1945. Haƙurin da addini ya yaba bai ce ka bar guminka a hannun wani ba.

Duk da haka ba na ce ku shiga ido rufe ba, domin ƙin shiga ma haƙƙinku ne, ba wanda ya isa ya tilasta muku. Kafin ka yarda a riƙa cire maka kuɗin wata, ka tambaya ko ƙungiyar tana da rajista a wurin Babban Jami'in Ƙwadago, kuma ko tana riƙe da takardar izinin yin ciniki da kamfani a madadin ma'aikata irinka, domin in babu ita, ba za ta iya ƙulla yarjejeniyar albashi da sunanka ba. Ka nemi yarjejeniyar da ake aiki da ita ka karanta, in Turancin ya yi maka nauyi a fassara maka. Shugabannin da ba sa kiran taro, ba sa bayanin kuɗi, sai dai a gan su da riga mai tambari ranar 1 ga Mayu, ban ga dalilin ba su sidinka ba.

Batun yajin aiki shi ne inda zafin ƙuruciya ya fi cutar da mu. Doka ta tanadi matakai: tattaunawa, sannan shiga tsakani, sannan sanarwar kwana 7 a rubuce ga maigida da Hukumar. Wanda ya ajiye aiki ba ta wannan hanya ba yana iya rasa albashin kwanakin, har ma a sallame shi ba tare da sanarwa ba, kuma masu ayyukan da doka ta kira na dole an hana su yajin gaba ɗaya. Saboda haka idan aka turo saƙo a WhatsApp da dare cewa gobe ba mai shiga aiki, ka kira wakilin ƙungiyarku kafin gari ya waye, ka ce ya nuna maka kwafin sanarwar da ranar da aka miƙa ta.